Mun Bar Kufanmu Mun Tafi Aron Aljanu

Duk mai bin littattafan Hausa da ake saki ta waya a 'yan shekarun nan ya san wannan labarin, domin an rubuta shi sau ba adadi, sunaye kawai ake canzawa. Yarinya ce marainiya, kishiyar uwa tana gana mata azaba. Wata rana da magariba ta watsa ruwan zafi a bakin rariya ba ta yi bisimilla ba, ko kuma ta ratsa ta gindin tsamiya, sai ɗan sarkin aljanu ya gan ta ya kamu. Fari ne dogo, gashi har kafaɗa, sunansa irin na jaruman finafinan Indiya ko na Turkiyya. Zai ɗauke ta ya kai ta wata fada ta zinariya a ƙarƙashin teku ko a bayan Dutsen Ƙaf. Kafin shafi na goma an rungumi juna. Kafin na ashirin an sanar da cewa shafukan kyauta sun ƙare, mai son ci gaba ya tura kuɗi. Daga ƙarshe ko dai a kira mai ruƙiyya ya ƙone aljanin, ko kuma aljanin ya tuba a ɗaura aure.

Ina da ƙorafi a kan wannan labarin, amma ƙorafina ya bambanta da wanda ake yi a kan mumbari. Shigar aljani cikin littafi ba ta dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne wannan aljanin ba ya tsorata kowa, bai san kowa ba, kuma ba shi da gari. Alhajin nan ne mai manyan motoci na littattafan soyayya, aka sauya masa riga aka ba shi ikon ratsa bango. Marubutanmu sun ɗauki ɗaya daga cikin nau'o'in ƙagaggen labari mafi ƙarfi a duniya sun mayar da shi hanyar kai yarinya gidan daula. Alhali kuwa kayan da ake gina irin wannan labari da su jibge suke a ƙasar Hausa, kuma ban san inda suka fi yawa kamar Zazzau ba, daga cikin ganuwar birni zuwa Wusasa a gindin Dutsen Kufena. Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami.

Turawa suna kiran wannan nau'i gotik. Da Hausa ni zan kira shi adabin kufai, domin kusan kullum akwai tsohon gini a tsakiyarsa, da wani abu da aka binne a ciki wanda ya ƙi kwanciya. Ana lissafa farkonsa daga The Castle of Otranto na Horace Walpole a 1764, inda jikan wanda ya ƙwace sarauta yake girbar abin da kakansa ya shuka. Daga nan aka samu Ann Radcliffe, aka samu Jane Eyre a 1847, inda mai gidan ya kulle matarsa ta fari, 'yar Jamaika, a ɗakin can sama, ya sauko yana neman auren wata. A 1987 Toni Morrison ta fitar da Beloved, wanda ta gina a kan labarin gaskiya na Margaret Garner, baiwar da ta gudu a 1856, da aka cim mata ta gwammace ta kashe 'yarta da a mayar da ita bauta. A littafin, 'yar ce take dawowa gidan. Idan aka dubi waɗannan littattafai za a ga abin tsoron da ke cikinsu kullum yana da dalili: wani ya ci haƙƙin wani, an rufe maganar, zuriya ta gaji gida ta gaji shirun. Bahaushe ya riga ya taƙaita wannan tun da ya ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi.

Wanda zai ce wannan tsari baƙo ne a Hausa bai karanta Jiki Magayi ba, ko kuma ya karanta shi don jarrabawa ne kawai. Yana cikin littattafai biyar na farko da hukumar talifi ta Zariya ta fitar bayan gasar 1933, tare da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi. John Tafida, mutumin Wusasa, shi ya rubuta shi tare da Rupert East. Abubakar da Zainabu suna son juna, attajiri Malam Shaihu ya sa dukiya ya aure ta. Abubakar ya shiga duniya yana ratsa dazuzzuka neman asirin da zai rama da shi, asirin kuma ya sauka a kan yaron da aka haifa, Kyauta, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Yaro ya tashi ɓarawo, ya ƙare da kashe mahaifinsa ba tare da ya san shi ne ba. Ga soyayyar da aka danne, ga sihiri, ga laifin manya yana cin yara. A cikin wannan ɗan ƙaramin littafi babu wanda ya fita da hannunsa a wanke, mai kuɗin da ya yi ƙwace da saurayin da aka zalunta duk sun ɗauki nasu kason. Shi kuwa Bello Kagara, a Ganɗoki, ya ɗauki jarumin da ya yi yaƙi da Turawa a ƙasar nan ya kai shi ƙasar aljanu, sannan ya dawo da shi ya tarar zamani ya juya. Wato tun 1934 an haɗa tarihi da abin al'ajabi a Hausa. An buɗe mana ƙofa shekara casa'in da suka wuce, muka leƙa muka juya.

To me ke bayan ƙofar? A fara da ganuwa. Sarauniya Amina mun mayar da ita sunan makaranta da ɗakin kwanan ɗalibai da mutum-mutumi a kan doki. Tarihin Kano ya ambace ta, ya ce Sarkin Nufe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000. Muhammadu Bello ya rubuta cewa a Atagara ta rasu. Masana har yau suna jayayya ko a ƙarni na 15 ta yi zamani ko a na 16. Sannan ga labarin baka da kowa ya sani amma ba a so a faɗa da ƙarfi, cewa duk garin da ta ci takan zaɓi namiji ta kwana da shi, da safe a kashe shi don kada ya ba da labari. Gaskiya ne ko ƙagen maza ne da suka kasa jure mulkin mace, wannan tambayar kaɗai ta isa littafi. Su wane ne babannin nan arba'in? Wa ya ɗebo ƙasar da aka yi ganuwa da ita, da son ransa ya ɗebo? A 2021 an fitar da fim ɗin Amina a Netflix, da Turanci, muka yi ta ƙorafin an ɓata mana tarihi. Wanda bai rubuta nasa ba, da wane baki zai yi kukan an rubuta masa ba daidai ba?

A matso farkon ƙarni na 19. Littafin Makau, Sarkin Zazzau na Haɓe, wanda aka rubuta daga ɓangaren zuriyarsa, ya nuna cewa Makau yana filin idi a bayan gari rundunar masu jihadi ta auko, bai sami komawa cikin birni ba, ya yi kudu. Ƙaninsa Abu Ja ya kafa Abuja a 1828, garin da yau ake kira Suleja. Mutum ya fita salla da safe da rigar idi, bai sake ganin ɗakinsa ba. Matan da ya bari a cikin gida fa? Bayin fada da suka kwana da ubangida ɗaya suka tashi da wani? Abubuwan da aka binne a tsakar gida cikin gaggawa da niyyar za a dawo a tono? Bayan kusan shekara ɗari abin ya sake maimaita kansa da wasu mutanen: Turawa suka tuɓe Kwasau suka kai shi Lakwaja, suka naɗa Aliyu ɗan Sidi a 1903, daga baya shi ma suka tuɓe shi suka kai shi can, sarki kuma mawaƙi, ya rasu a bakin Kwara nesa da rimayen Zariya. Birni ne da aka sha fitar da masu gida daga gidajensu, sauran jama'a suka ci gaba da kwana a ɗakunan.

Ga kuma Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, da bakan gizon da masana gine-gine na duniya suke zuwa kallo. Ana ba da labarin cewa bayan ya yi wani ginin a Birnin Gwari aka kashe shi don kada ya sake yi wa wani irinsa. A shekarun 1970 an lulluɓe abin da ya rage na tsohon masallacin da sabon gini, ya zama gini a cikin gini. Marubucin da yake neman tsohon soro mai duhu da sirri ba ya bukatar aron fadar Turawa mai hasumiya. Gidan Bahaushe na da, da zaurensa da shigifarsa da turakarsa, an tsara shi ne don ya hana ido shiga, kowace ƙofa ta kauce wa ta gabanta. Abin da ya faru a can ƙurya, azara ce kawai shaida.

Sai maganar da muka fi ƙin ji, wato bauta. Ƙasar Zazzau ta cika da rinji, ƙauyukan bayi masu noma wa iyayengijinsu. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta ɗauki labarinta a Giwa aka buga a 1954, ta ba da labarin rinjin gidansu, da mahara masu satar mutane, da yadda ake tara wuri a fanso wanda aka kama. Dokar Lugga ta ce duk wanda aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne, amma sai a 1936 aka soke bautar gaba ɗaya. Wannan ba nisa ba ne, zamanin kakanninmu ne. Har gobe akwai auren da yake mutuwa tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, saboda wata tsohuwa ta yi raɗa a kan asali. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya taɓa maganar a Shaihu Umar, ya bi yaro da uwarsa har hamada. Bayansa littattafai nawa za mu iya ƙirgawa? Amurkawa sun sami Beloved daga tarihin bautarsu. Mu muna da tarihin, muna da zuriyar ɓangarorin biyu suna zaune unguwa ɗaya, amma aljanin littattafanmu bai taɓa jin kalmar rinji ba.

Wusasa kuwa ita ce ɗakin da adabin Hausa ya kulle ya jefar da makulli. Likita Walter Miller na mishan ɗin CMS ya zauna a cikin birnin Zariya tun farkon zuwan Turawa, yana magani yana koyar da yara yana fassara, har a 1929 aka fitar da mishan ɗin bayan ganuwa zuwa Wusasa. A can aka gina majami'ar St. Bartholomew da ƙasa, da hannun magina Hausawa, bisa tsarin ginin Hausa. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Daga wannan ɗan wuri aka samu Dakta R. A. B. Dikko, likitan zamani na farko daga Arewa, a nan kuma Yakubu Gowon ya tashi. A cikin waɗanda suka kafa al'ummar akwai zuriyar Isawa, mabiyan Malam Ibrahim, malamin da ya ba Annabi Isa matsayi na musamman a karatunsa, aka kashe shi a Kano a ƙarni na 19, almajiransa suka watse wajen Ningi da wasu wurare. A 1913 wasu daga zuriyarsu suka zo wurin Miller. Aka kafa musu gari a Gimi, cutar barci ta shiga ta yi musu ɓarna, waɗanda suka tsira suka tashi suka bar wurin. Malamin da aka kashe saboda fahimtarsa, da mabiyan da suka yi shekaru suna jiran wani alkawari, da sabon gari da mutanensa suka riƙa yin barci ba sa tashi: wane marubucin kufai ne a duniya zai ga wannan ya wuce? Amma a dubban littattafan da aka buga tun daga shekarun 1980, Bahaushe Kirista kusan ba ya nan, sai dai in an kawo shi don ya musulunta a babi na ƙarshe. Mutanen da ɗansu ya rubuta ɗaya daga cikin littattafanmu biyar na farko, mun share su daga labarin.

Hatta iskokin ma namu sun fi na aro. Masu bori suna da birninsu na Jangare, da gidaje da sarautu. Akwai Sarkin Aljan Sulaimanu, akwai Malam Alhaji mai tari da carbi, akwai Ɗan Galadima ɗan sarki mai almubazzaranci da caca, akwai Kuturu, akwai Inna, akwai Barhaza Bafillatana. Da Turawa suka zo, sai ga iskokin sojoji da na Turawa sun bayyana a cikin jerin. Ko mutum ya yarda da bori ko ya ƙi shi, wannan jeri hoton al'umma ne, duk wanda ya taɓa ratsa ƙasar nan da iko ko da cuta ya bar inuwarsa a ciki. Tremearne, wanda ya buga littafinsa a kan bori a 1914, ya tattara da yawa daga bayanansa ne a wurin Hausawan Tunis da Tarabulus, waɗanda yawancinsu bauta ce ta ƙetarar da su hamada, suka tafi da iskokinsu. Baturen ya rubuta ne da idon mai kallon abin mamaki a wurin wasu. Mu da za mu iya rubutawa daga ciki, mun bar masa filin.

Yanzu soyayya. Bahaushe ya san wuta iri biyu. Akwai wutar kara, mai tashi fuu ta haske unguwa ta mutu kafin a ɗora tukunya. Akwai wutar ƙaiƙayi, wadda ba a ganin harshenta, tana ci ta ƙarƙashi kwana da kwanaki. Yawancin abin da ake sayar mana yanzu wutar kara ce, kuma dalilin a fili yake: shafin da aka yi runguma shi yake sa a tura kuɗi. Amma soyayya a labari tana samun ƙarfi ne daga abin da ya hana ta, kuma tarihinmu cike yake da shinge na gaske. A ɗauki shekarar 1929. Yarinya tana cikin birni a gidan malamai, an kusa sa ta a lalle. Saurayin ɗan maƙwabta ne da ya yi karatu a wurin Miller, yanzu ya bi mishan zuwa Wusasa. Shi boko yake rubutawa, ita ajami kaɗai take karantawa. Tsakaninsu akwai ganuwa da ƙofar da ake rufewa, akwai kulle, akwai addini, akwai kuma wata magana a kan kakarsa da ba wanda yake son ya faɗa. Saƙo sai ta hannun 'yar talla ko tsohuwa dillaliya, goro ɗaya a ƙulle a gefen zane yana iya ɗaukar wata guda kafin a gane ma'anarsa. A irin wannan duniya, ranar da ta ɗaga ido ta dube shi sau ɗaya ta fi shafi hamsin na abin da ake rubutawa yanzu nauyi. Kunya, wadda marubutanmu suke ɗauka kamar cikas, ita ce babbar jarin mai rubuta irin wannan soyayya. Hafsat Abdulwaheed ta gane haka tun a So Aljannar Duniya a 1980, inda bambancin asali da kutsen aljana suka tsaya tsakanin masoya biyu.

Na san amsoshin da za a ba ni, kuma wasunsu suna da nauyi. Ta farko ita ce addini. Za a ce matacce ba ya dawowa, yana barzahu, don haka labarin fatalwa ƙarya ce mai taɓa aƙida. Na yarda matacce ba ya dawowa. Amma adabin kufai bai dogara da dawowar matacce ba. Radcliffe takan tsorata mai karatu shafi ɗari uku, sannan ta nuna masa cewa mutum ne yake motsi a bayan labule. Mu kuma muna da abin da ita ba ta da shi: aljanu halittu ne da Alƙur'ani ya tabbatar, da sura guda da sunansu, kuma a cikin Suratu Saba'i an nuna ba su san gaibu ba, tun da sun ci gaba da wahalar aiki bayan rasuwar Annabi Sulaimanu har sai da gara ta ci sandarsa. A al'adarmu kuma ana cewa suna da tsawon rai. Halitta mai tsawon rai, wadda ta ga abin da ya faru a wani ɗaki shekara ɗari da hamsin da suka wuce, amma ba ta san komai da komai ba, tana iya ƙarya, tana iya kuskure, tana da nata son rai: wannan shaida ce da duk mai rubuta labarin bincike zai yi fatan samu. Abin mamaki, masu wannan suka ba su cika damuwa da aljanin da yake auren 'yan mata a littafi ba, sai an ce zai buɗe baki a kan tarihi.

Ta biyu ita ce fitina. Za a ce Zazzau tana da gidajen sarauta huɗu, Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa, kowane da zuriyarsa a raye, kuma garin da ya ga ƙone-ƙonen majami'u a rikicin Maris 1987 ba wurin wasa da maganar addini ba ne. Wannan gaskiya ce, kuma duk marubucin da zai shiga nan da niyyar cin mutuncin wani gida ko wani addini gara ya zauna a gida. Amma ƙagaggen labari ba ya bukatar ya tuhumi wani sarki da sunansa. Gidan da marubuci ya ƙaga, a unguwar da ya ƙaga, a cikin shekarar gaske, ya isa. Kuma shirun da muka yi bai hana 1987 faruwa ba. Yaron da ya tashi a Tudun Wada bai taɓa karanta labarin da Bahaushen Wusasa yake mutum mai uwa da kaka da tsoro da so ba, shi ya fi sauƙin a ba shi ashana. Tun daga Magana Jari Ce muka saba kai labari wata ƙasa a gabas don kada a ce da wani muke. Dabara ce mai kyau a zamanin Abubakar Imam, amma ta zama mana maɓoya. Littattafan yaƙi na zamanin nan ma, masu sadaukai da matsafa da birane masu sunayen Larabci, duk da ƙwazon da ke cikinsu, can suke zuwa su ɓuya.

Ta uku ita ce kasuwa. Za a ce mai karatu ba ya son tarihi, ba ya da haƙurin jiran soyayyar da ba ta sauri. Wannan mai karatun da ake raina wa haƙuri shi ne yake zama wata da watanni yana kallon fassarar finafinan tarihin Turkiyya, ya san sunan kowane bafade na daular Usmaniyya, alhali bai san wane ne Makau ba. Shi ne ya bi In Da So Da Ƙauna kashi bayan kashi a farkon shekarun 1990. Ba a taɓa ba shi tarihin garinsu da daɗin da ake ba shi na wasu ba, sannan a ce ya ƙi. Gaskiyar magana ita ce aljanin aro ba ya bukatar bincike. Wanda zai rubuta Zariya ta 1903 sai ya san me ake ci, da me ake saye, wace ƙofa ake bi a je ina, yaya bawa yake gaida ubangidansa, yaya sa-ɗaka take kiran uwargida. Sai ya je gidan adana takardun tarihi na Kaduna ko Gidan Arewa, ya shiga ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Samaru, ya zauna da tsofaffi a Wusasa da cikin birni. Aiki ne, kuma shi ake gudu.

Laifin bai tsaya a kan marubuta ba. Manazarta da yawa sun yi shekaru suna kallon duk labarin da aljani ya shiga a matsayin shirme, suna auna littafi da yawan darussan tarbiyyar da za a iya lissafowa daga cikinsa. Hukuma kuma ta nuna nata matsayin a 2007, lokacin da aka tara littattafan hikaya aka cinna musu wuta a bainar jama'a a Kano. Marubucin da ya ga haka ya koyi darasi biyu: kada ya taɓa abin da zai jawo masa ido, kuma ya sa wa'azi a shafin ƙarshe ko da me ya cika sauran shafukan. Sakamakon shi ne abin da muke gani, batsa a tsakiya, ruƙiyya a ƙarshe, tarihi kuwa babu. Masu tsaron tarihi su ma suna da nasu kason, waɗanda suke son a riƙa ba da labarin magabata kamar kirari, kowa adali, kowa jarumi, babu wanda ya taɓa sayar da mutum ko ya raba uwa da ɗa. Mutanen da ba su taɓa yin laifi ba ba sa shiga labari, shi ya sa yaranmu suke haddace sunayensu don jarrabawa su manta.

Lokaci kuma ba ya jira. Ganuwar Zariya tana zaizayewa, wani wurin an ɗebe ƙasarta an yi bulo, wani wurin an yi gini a kanta. Tsofaffin soraye suna faɗuwa kowace damina, a share a zuba siminti. Waɗanda suka ji labarin Gimi daga bakin waɗanda suka tsira, da waɗanda kakarsu ta nuna musu inda rinjin gidansu yake, suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Ina kira ga marubutanmu, musamman mata, waɗanda su ne suka riƙe wannan kasuwa kuma su ne suka fi kowa sanin abin da ake faɗa a ƙuryar ɗaki: a cikin littattafai goma da za ku rubuta nan gaba, ku ba Zazzau ɗaya. Ku zaɓi shekara, ku zaɓi gida, ku tambayi wa aka zalunta a cikinsa kuma wa ya gaji shirun. Ku bar masoyan su jira. Masu gasa da mujallu irin wannan kuma su ware wa irin wannan rubutu wuri, su biya wanda ya yi bincike. Idan aljani zai shigo, to ya zama wanda yake zaune a kukar bayan gidan tun kafin a rufe ƙofa a bar Makau a waje, wanda ya san sunan kowa da na kakarsa.